Ajiyar Hedimasta

Littattafai uku ne, kuma har yau ban karanta tarihin da ya kama ni kamarsu ba. Dukkansu a kan yaƙin basasar Amurka suke, wanda Arewa da Kudu suka gwabza saboda bauta. Na farko ƙato ne mai nauyi, cike da hotuna: sojoji da gemu buzu-buzu, gawarwaki jere a bakin rami, da wani baƙin mutum da ya juya wa mai hoto baya, tabon bulala ya yi masa kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Na biyu ɗan ƙarami ne, wani bawa da ya koyi karatu a ɓoye, ya gudu, ya rubuta labarin kansa. Na uku shi ne mai wuyar Turanci, yana bayanin yadda aka yi ta ja-in-ja a majalisa kafin a kai ga harbi, da yadda shugaban ƙasarsu, dogon nan mai gemu ba gashin baki, ya sa hannu aka 'yanta bayi. Wannan na ukun na fi so. Suna nan cikin akwatina, gara ba ta taɓa su ba, amma duk ranar da na buɗe su sai zuciyata ta tashi, kuma ba laifin marubutan ba ne.

Wurin hedimastanmu na fara ganin su, lokacin ina sabon malami a wata firamare a Kaura Namoda. Wani Ba'amurke ne da ya zo aikin koyarwa ya bar masa su da zai koma gida, ana dab da fara namu yaƙin basasar. Hedimasta mutumin Zurmi ne, ɗan babban gida, fari, mai tumbi, mai son turare. Idan ya wuce ta baranda, sai an yi darasi guda ƙamshinsa bai bar wurin ba. Yana da murya, ya kuma san yana da ita. Bayan la'asar sai ya sa a fitar da kujeru biyu ƙarƙashin bishiyar bedin da ke gaban ofis, ya kira ni, ya karanta shafi da Turanci, sannan ya juya shi da Hausa yana kaɗa hannu. Daga nan muna jin kukan jirgin ƙasa a tasha, wani lokaci da samarin da aka ɗauka soja za a yi Kudu da su. Muna karanta yaƙin wasu, namu yana ci.

Ba zan ɓoye ba, na so mutumin nan. Shi ya koya mini cewa tarihi ba haddar sunayen sarakuna ba ne. Idan muka zo inda aka raba uwa da ɗanta a kasuwar bayi, sai ya cire tabarau ya share ido da bakin hannun riga. Hawaye na gaske, na gan su. Ya ce da ni, "Malam, dubi abin da ɗan Adam ka yi ma ɗan'uwa nai. Tir!" Ni ma in ce tir. Sai a kawo masa shayi ya kurɓa, mu ci gaba.

Akwai kuma wata alaƙa tsakaninmu. Mahaifina manomi ne a Badarawa, kusa da Shinkafi, kuma tun ina ƙarami nake jin yana kiran gidan su Hedimasta "gidanmu na Zurmi". Kowace kaka sai ya ware damman gero mafi kyau ya aika can. Da salla yakan je gaisuwa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zauna a ƙasa ko da an shimfiɗa tabarma. Ni na ɗauka ladabin talaka ne ga masu sarauta, ko wani tsohon zumunci da ba a ba yara labarinsa. Hedimasta kuwa Baba yake kiransa, da baki mai daɗi.

Bayan an gama yaƙi aka yi shekarun da gyaɗa da auduga suka yi albarka. Baba ya tara nasa, na ƙara da nawa, guzurin Makka ya haɗu. Tun ina yaro ban san shi da wani buri ba sai wannan. Ba ya sha'awar riga ta gani ta faɗa, ba ya son ƙarin aure. Makka kawai. Ranar wata kasuwar Shinkafi na biya gida da murnata, na ce masa ya shirya mu je a yi masa hoto da allura. Yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba.

Ya ce, "Ba ni tahiya sai an kwance min igiya."

Na ce, "Wace igiya, Baba?"

Ya ajiye fartanyar. "Kakanka ba haihuwar Zurmi ne ba. Kamo shi anka yi yana ɗan yaro, anka kawo shi gidan kakan hedimastan ga naka. Nan yag girma, anka yi mai aure da kuyanga tasu, anka haihe ni. Har yam mutu ba a 'yanta shi ba. Kai ba ruwanka, uwarka ɗiya ce, ba baiwa ba. Amma ni bawan gidan ne. Bawa kau ko ya tahi Makka, bai sauke hwarilla ba sai an 'yanta shi."

Ina da gemu, ina koyar da yara tarihi, ban san nawa ba. Amma da abin ya ɗan lafa mini sai na ji har dariya tana neman kama ni. Magajin gidan a lokacin Hedimasta ne, iyayensa duk sun rasu. Cikin duk mutanen ƙasar nan, maganar ta faɗo hannun wanda yake kuka saboda bayin Amurka. Na ce, "Baba, in dai wannan ce, ka ɗauka an gama. Kalma guda ce, zai faɗe ta tun ba ka zauna ba."

Baba ya sa farar rigarsa ta salla, ya ƙulle goro a ganye, muka shiga mota zuwa Kaura. Muka sami Hedimasta a zaurensa, ƙaton littafin nan mai hotuna yana gefen dardumarsa. Baba ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa. Ni ina gefe ina murmushi kamar wawa, ina jiran in ga an tashi an rungume tsoho.

Hedimasta ya gyara tabarau. Ya buɗe ganyen goron ya zaɓi fari ya ɓantara. Ya tauna, ya tauna. Sannan ya ce, "Baba, maganar ga tana da nauyi, ba a yi mata gaggawa. Ka tahi gida, za ni yi nazari."

Muka koma, aka ce yana nazari. Muka sake komawa, aka ce ya tafi Gusau taro. Ana cikin haka aka rufe karɓar maniyyata na shekarar. Da na ga abin yana neman zama wasa, sai na same shi a ofis shi kaɗai, na rufe ƙofa, na ce, "Ranka shi daɗe, mi Baba yay yi maka?"

Ya yi mamaki ƙwarai. "Laihi? Wane laihi? Babanka ai ba ni da kamatai." Ya nuna mini kujera, ya rage murya, irin ta mai ba ƙanensa shawarar duniya. "Malam, kai mai ilimi ne, bari in hwaɗa maka gaskiya. Gidanmu da bayi sun hi a ƙirga. Wasu sun mutu, wasu sun watse, wasu ɗiyansu sun yi boko ko gaishe mu ba su yi. Babanka ɗai ya rage wanda ya yarda da baki nai. To yanzu in kaffara ta hau mutum, ina za shi samu wuyan da za shi 'yanta? Ko Makka babu. Ni kau Allah ya bar min guda. In sake shi haka nan a banza?"

Da farko ban gane ba, sai da na sake juya maganar. Wanda ya karya azumi da gangan, ko ya kashe rai bisa kuskure, ɗaya daga cikin hanyoyin kaffararsa shi ne 'yanta bawa. Mutumin nan bai karya azumi ba, bai kashe kowa ba. Tanadi yake yi. Ya ajiye ubana kamar yadda ake ajiye tayar safaya a bayan mota, ko Allah zai kawo ranar faci.

Na ce, "To littattafan ga da muke karantawa hwa?"

Ya ce, "Haba Malam, kada ka haɗa. Wancan zaluncin Turawa ne, bulala da sarƙa da karnuka. Mu ka taɓa ganin mun ɗaga mai hannu? Ɗan gida ne." Ya ga fuskata ba ta sauko ba, sai ya miƙe ya buɗe kabad, ya ɗauko littattafan ukun ya ɗora mini a cinya. "Na san kana son su. Riƙe, na ba ka har abada."

Abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Har ransa ya ɗauka ya yi mini alheri, yana tsaye yana jiran godiya. Na kwashe su na fita. Na karɓa ne don ban ga dalilin da zai sa su sake kwana a ɗakinsa ba. Ƙarshen zangon na nemi canjin wurin aiki, aka mayar da ni wajen Galadi, na yi murna da nisan.

Na koma kan Baba. Na gaya masa doka ta soke bauta tun zamanin Turawa, ba wanda ya mallake shi. Ya ce dokar Nasara ba ta shiga tsakaninsa da Ubangijinsa. Na ɗauke shi muka je wurin wani babban malami a Shinkafi, dattijo mai tsoron Allah. Malamin ya saurare mu, ya tambayi inda aka kamo kakana, Baba ya faɗi sunan ƙauyen. Ya ce ai mutanen nan Musulmi ne tun kafin a haifi kakanninmu, kamun da aka yi masa fashi ne, ba bauta ba. Ya ce da Baba ya tafi Makka da zuciya ɗaya, ba igiyar kowa a wuyansa, wanda kuma yake riƙe shi yana ɗaukar alhaki ne, kaffarar da zai yi da shi ma ba ta karɓuwa. Na fito ina jin kamar an sauke mini buhu.

Ba mu kai tashar mota ba Baba ya ce, "Malam ya hwaɗi nashi, Allah shi saka mai. Amma uba na da baki nai yac ce min ya mutu da igiya, kada in yarda in mutu da tawa. Gidan da anka ɗaura ta, nan a ka kwance ta."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na sa ƙannensa da abokansa baki. Baba mutum ne mai sanyin magana, amma idan ya kafe, sai dai ka gaji ka bar shi. Ban gaya masa maganar kaffara ba a lokacin, don ban san da bakin da zan faɗe ta ba. Daga baya na gane ya sani. A wurinsa ba abin mamaki ba ne, mai abu yana da ikon ajiye abinsa.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Sa'o'insa suka je suka dawo da haƙorin Makka, har da waɗanda da can shi yake ranta musu iri. Duk shekara sai ya yi wa maniyyata rakiya har bakin mota, ya riƙe musu jaka, ya ce su yi masa addu'a a gaban Ɗakin Allah. Duk kaka kuma sai ya ware damman Zurmi. Na ce ni dai hannuna ba zai sake taɓa su ba, sai ya riƙa ɗaukar hayar jaki. Idan an kai, Hedimasta ya aiko masa da gaisuwa da tsohuwar riga. A tsakanin nan shi Hedimasta ya je Makka ya dawo, ya sake komawa. Baba yana cikin masu zuwa taryarsa, ya karɓo dabino da ɗan zamzam a murfin kwalba, ya zo gida yana ta sa masa albarka.

Littattafan ban daina karanta su ba, na kuma koyar da abin da ke ciki ga yara masu yawa. Suna da kyau, gaskiya ce a cikinsu. Sai dai na lura da wani abu da ban gani ba a zaman ƙarƙashin bedi. A littafi na uku akwai manyan mutanen Kudu masu karatu, masu ibada, masu taushin murya, waɗanda suke cewa su bayinsu 'yan gida ne, ba su taɓa dukan su ba. Da can nakan wuce su da sauri in kai ga inda ake harbi. Yanzu a kansu nake tsayawa, in ji muryar da suke magana da ita, har da ƙamshin turaren.

Yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Ƙafafunsa suka kumbura, gona ta gagare shi, daga ɗaki sai gindin bango. Duk da haka idan watan aikin hajji ya matso sai ya tambaye ni, "Ba a aiko daga Zurmi ba?" In ce ba a aiko ba. Ya ce to, Allah shi kai mu baɗi.

Saƙon ya zo bayan wata ƙaramar salla. Hedimasta ya daɗe da yin ritaya ya koma Zurmi, yanzu Alhaji ake ce masa. Ana saura kwanaki a fara azumin shekarar ya auri wata bazawara, kuma kafin salla labari ya gama gari cewa angon bai iya jiran faɗuwar rana ba. Kaffara ta hau shi. Azumin wata biyu a jere ba zai iya ba, tumbin ya hana. Ciyar da miskinai sittin kuwa yana taɓa rumbu. Sai ya tuna da ajiyarsa.

Na ce ba inda za mu. Baba ya ce ko a bayan jaki ne sai ya je. Ya sa aka wanke masa farar riga, aka yi masa aski. Na ɗauko shatar mota, ni da direba muka ɗaga shi muka sa a ciki, don ƙafarsa ba ta iya hawa. Duk ramin da motar ta faɗa tsakanin Shinkafi da Zurmi sai ya cije baki, amma bai ce wayyo ba.

An cika zauren da mutane. Alhaji yana zaune bisa shimfiɗar kilishi, ya sha rawani, ya ƙara ƙiba. Na nemi a ba Baba kujera, Baba ya ƙi, ya lallaba ya zauna a ƙasa, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa gefe yana ba da haƙuri da rashin iya tsugunno. Alhaji ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi kafin ya fara karanta shafi. Ya ce jama'a su shaida, ya 'yanta wannan bawa nasa saboda Allah, a matsayin kaffarar azuminsa. Ko kunyar faɗin dalilin bai ji ba. Aka shafa fatiha, wasu har da kabbara. Baba ya kifa goshi kusa da gefen kilishin yana kuka, yana cewa, "Na gode, ranka shi daɗe. Allah shi jiƙan magabata."

Ana watsewa Alhaji ya yafuto ni. Na matsa don kada a ce na yi rashin kunya a gaban mutane. Ya kama hannuna, idonsa ya yi rau-rau, ya ce, "Malam, ka tuna dogon nan na cikin littahi, ranar da yas sa hannu? Wallahi yau na ji abin da yaj ji."

Na zare hannuna. Da na fita waje sai da na nemi buta na wanke shi.

A hanyar komawa Baba bai yi shiru ba. Ya ce a sayi rago a yanka. Ya tambaye ni ko an fara karɓar maniyyata, ko har yanzu ana yin allurar nan, ko gaskiya ne akwai masu ɗaukar tsofaffi a kan gado su yi ɗawafi da su. Na ce akwai. Na ce bana da ni za a je, ni zan riƙe masa hannu. Ina faɗa ina kallon ƙafafunsa, kumburin ya kai gwiwa. Na kai shi asibiti a Kaura don gwajin tafiya, likita ya duba shi, ya kira ni gefe ya ce in mayar da tsoho gida in kula da shi.

Bai ga watan aikin hajji ba. Ya yi makonni a kwance, mutane suna ta zuwa dubiya daga Badarawa da ƙauyukan kewaye. Ni na zaci zai yi baƙin cikin Makka, na shirya kalmomin da zan ba shi haƙuri da su. Ban yi amfani da ko ɗaya ba. Duk wanda ya shigo sai ya sa a tayar da shi zaune, ya ba shi labarin ranar Zurmi tun daga farko, fuskarsa tana haske. Ni ina bakin ƙofa ina ji. A ƙarshe kullum sai ya lalubo hannun mai dubiyar ya riƙe, ya ce:

"Ka gani? Ashe ba ƙi na yay yi ba. Ajiye ni yay yi don babbar rana. Ni nif hisshe shi wuta."